Barka da Dawowa, Tarwadar Holan

Lokaci ya yi da mutanen Gashuwa da Nguru za su ajiye butulci, su miƙe su gaida waɗanda suka zo gyara musu kifi. Shekaru aru-aru kogin Yobe yana haihuwa yadda ya ga dama, ba tsari, ba takarda, ba allura. Ruwan Haɗeja da na Jama'are su gangaro su bazu a fadama, su haɗe kafin su iso Gashuwa. Tarwada ta bi sabon ruwa cikin dare, ta kutsa ciyawar da ambaliya ta shanye, ta zuba ƙwanta tare da duk namijin da ya fi saura naci. Dubban mata, dubban maza, kowane kwari da nasa, kowace damina da sabon haɗi. Sakamakon wannan sakaci kowa ya gan shi a kasuwar kifi: wannan baƙa ƙirin, waccan mai dabbare-dabbare, wata doguwa, wata gajera mai kauri. Akwai mai jure zafin ruwan bazara, akwai mai jure yunwa, akwai wadda cuta ke bi ta kanta ta wuce. Sai ka juye kwando guda ka rasa biyu masu kama ɗaya. Wace ƙasa ce ta taɓa ci gaba da irin wannan hargitsi?

Alhamdu lillahi, magani ya samu, kuma daga Turai ya zo, inda duk wani magani na kirki yake fitowa. A shekarun 1970 masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka ɗebi tarwadar Afirka, wadda suke kira Clarias gariepinus, suka sa ta a makarantar kwana. A can ta koyi cin abinci a kan lokaci, ta koyi zaman cunkoso a tanki ɗaya ba ƙorafi, ta manta da abin da ake kira rani da damina. Da ta sauke karatu sai ta dawo Najeriya da sabon suna. Yanzu 'yar Holan ake ce mata, kuma duk mai kiwon da ya san ciwon kansa ita yake tambaya. Kakanninta ba su taɓa shan ruwan Yobe ba, amma wannan ai shi ne darajarta. Abincinta ma mai yawo ne a saman ruwa, don kada ta wahalar da kanta da nutso. Yau a duk Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya kiwon tarwada. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Shiga ɗakin ƙyanƙyasa ka ga inda ilimi ya yi rana. Da magariba mai gida zai tsamo mace mai ciki, ya latsa ta da ɗan yatsa, ya aza ta a sikeli, ya rufe mata ido da jiƙaƙƙen tawul, ya soka mata allurar Ovaprim a tsokar baya. Kafin hantsi ƙwai ya nuna. Mutum biyu su riƙe ta, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya, a shafa cikin a hankali, ƙwai ya kwararo cikin roba, dubbai a kan dubbai daga uwa ɗaya. Shi namiji ba ya ba da nasa ta hanyar matsa, saboda haka an samo masa hanya mai sauƙi. A farke cikinsa, a ciro marainansa biyu, a tsattsaga su da reza, a tatse farin ruwan a kan ƙwai, a gauraya da cokalin roba ko gashin kaza, a baza a kan raga cikin ruwa. Kafin war haka gobe 'ya'ya sun fara motsi. Angon da aka yi wa wannan gata ba ya ganin ranar suna. Kafin azahar ya zama farfesu.

Da yake kowane ango sau ɗaya yake aiki, asara ce a yanka biyar alhali ɗaya zai wadatar. Mai tattali sai ya yanka guda, ya raba albarkarsa ga mata uku ko huɗu. Masana ilimin gado suna da wani lissafi na ɓata wa mutane rai: idan uba ɗaya ne, ko da mata ɗari aka haɗa shi, a ma'aunin jini garken nan bai kai na iyaye huɗu ba. To, sai me? Wa ya taɓa sayen jini a kasuwa? Kai ake ƙirgawa, kuma kai ya cika tanki.

Bayan 'yan makonni wasu daga cikin 'ya'yan za su yi wa saura fintinkau. Su ne masu kiwo ke kira shuta, kuma sirrin girmansu ba ɓoyayye ba ne: ƙannensu suke haɗiyewa. Mai gida ya tsame su gefe, ya dube su da sha'awa, ya ce waɗannan su ne iri. Wanda ya fi kowa cin 'yan'uwansa shi ake naɗawa uban gobe. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, kuma abin alfahari ne a ce har ruwa ta shiga.

Baɗi sai a ɗauko wa a haɗa shi da ƙanwa. A nan ya kamata a jinjina wa masu ƙyanƙyasa a kan raya zumunci, domin sun kai shi inda ko kakanninmu masu son auren gida ba su yi mafarki ba. Mu da ba ma ba da 'ya sai mun bi asalin manemi har kaka da kakanni, ga shi mun samu sana'ar da ta hutar da mu daga wannan bincike. Ba littafi, ba lamba, ba tambayar wace ce uwa. Wanda ya sayi 'ya'yan kifi bana, baɗi shi ma mai sayar da iri ne, kuma daga cikin waɗanda ya saya zai zaɓi uwa da uba. Haka jini ɗaya ke hawa mota cikin jarka daga Ibadan zuwa Kano, daga Kano zuwa Damaturu, kowa yana rantsuwa nasa sabo ne. Masu lissafin nan sun ce haɗin wa da ƙanwa sau ɗaya tak yana zubar da rubu'in bambancin da ke cikin jinin 'ya'ya, kuma kowane maimaici yana ƙara zaftarewa. Mu kuwa mun san tsintsiya maɗaurinta ɗaya.

Idan daga baya aka fara ganin 'ya'ya masu lanƙwasasshen baya, ko masu ƙaton kai da ƙaramin jiki, ko aka wayi gari rabin tanki ya juya ciki sama, akwai masu ɗaukar laifi da yawa: ruwan rijiya, mai sayar da abinci, wutar lantarki, bakin maƙwabta. In abin ya ci tura sai a ce iri ya gaji, a tafi a sayo sabo a wurin wanda ya saya daga inda ka saya.

Ba a tsaya nan ba. Allah ya halicci tarwada da dogon fiffiken baya har wutsiya, ya halicci ramboshi da guntun fiffike da tsokar kitse a bayansa. Kogi ɗaya suke zaune tun fil azal, amma kowa ya san ƙofar gidansa. Wannan gaba ta dami masu kishin haɗin kai, sai suka sulhunta su a cikin roba, aka samu abin da ake kira haibirid, mai saurin girma da ƙarfin ci. An so a ce bakarariya ce, sai dai masu bincike sun samu 'ya'ya daga gare ta, wanda ke nuna baiwarta ta fi yadda aka zata. Ita kanta babbar tarwadar ruwayenmu iri biyu ce masu kama da juna, har sai an ɗaga murfin kunne an ƙirga ƙayoyin da ke jere a wurin numfashi kafin a bambance su. Wa ke da lokacin wannan ƙirga? A cikin roba duk ɗaya ne, kuma in Allah ya yarda wata rana a kogi ma duk ɗaya za su zama.

Mai karatu zai ce wannan ai alheri ne na cikin gida, ina ruwan kogi da shi? Kada ka damu, an yi wa kogi tanadi. Ana son haƙa kududdufin kiwo a bakin fadama domin ruwa ya zo da sauƙi, kuma wasu shekarun yakan zo da sauƙin da ya wuce roƙo. Mutanen Haɗeja da Gashuwa ba su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shafe gonaki ya shiga gidaje. Ruwan da ya tsallake katangar gida, gefen kududdufi ba zai ba shi kunya ba. Ko babu ambaliya ma, tarwada tana shaƙar iska kai tsaye, tana kuma jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙayoyin gefenta, ta bar wannan ruwa ta faɗa wancan. Ta haka ɗalibar Holan ke fita bautar ƙasa, ta shiga ƙauye ta wayar da kan 'yan'uwanta.

Kuma suna bukatar wayewar. Me 'yar fadama ta sani? Ta san daren da ya kamata ta zuba ƙwai don 'ya'ya su tarar da abinci. Ta san inda za ta laɓe idan tsage ko giwan ruwa suna farauta, da yadda za ta nutse idan inuwar zalɓe ta gifta. Ta san yadda ake kai wa damina a cikin ragowar taɓo a watan Afrilu, lokacin da zafin Nguru ke haura digiri 40. Farin 1973 da na 1984 sun tankaɗe kakanninta, waɗanda suka tsira su suka bar mata wannan gado a jini. Duk ilimin gargajiya ne, ba satifiket. Idan ta haɗu da mai digiri, 'ya'yansu za su ɗauki rabi daga nan rabi daga can: rabin sanin kogi, rabin jiran mai bokiti ya zo da abincin safe.

Sai babban yabo, wanda na ajiye wa masu shi. Kowa ya san kifi ya ragu a wannan yanki, kuma kowa ya san dalili. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗa wa kifi wurin haihuwa ta tsuke. Inda da ruwa ke zuwa ya koma, yanzu wani wuri ya kwanta shekara guda, wani wuri ba ya isa ko kaɗan. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe mashigai. An datse hanyoyin kifi da dumba, an tace 'ya'yansa da taru mai ido kamar gidan sauro, wasu ma da guba suke su. Gyaran waɗannan yana bukatar a zauna da jihohi da hukumomin madatsu a yi ta jayayya a kan sakin ruwa, a yi faɗa da masu ƙananan raga, a shiga kachala da lauje da inji. Aiki ne mai tsawo, mai laka, kuma ba ya kyau a hoto.

Dubi ɗaya hanyar kuwa. A sayo 'ya'yan kifi a jarkoki, a kafa rumfa a bakin ruwa, a gayyato 'yan jarida. Mai girma ya naɗe hannun babbar riga, ya karɓi bokiti, ya juye. A tafa. Ranka ya daɗe, an gaishe ka! Cikin minti biyar ka yi abin da kogi ke ɓata damina guda yana yi. Tun a 1991 wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, Nils Ryman da Linda Laikre, suka nuna cewa idan aka cika ruwa da 'ya'yan iyaye ƙalilan, adadin kifi yana iya hawa alhali yawan kakannin da zuri'ar gobe za ta gada yana faɗuwa. Sun ɗauka gargaɗi suke yi. Ba su san mu tuni muka yanke hukunci ba: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Turawa ne suka fara wannan alheri, sai dai ba su da juriya. A shekarun 1840 wasu mutum biyu a duwatsun gabashin Faransa, Remy da Géhin, suka gwanance wajen tatsar ƙwan tirawut, wani kifi mai ɗige-ɗige na ruwan sanyi. A 1852 gwamnati ta buɗe gidan ƙyanƙyasa a Huningue, aka shiga rabon ƙwai ƙasa-ƙasa. Fiye da shekara ɗari ana juye tirawut ɗin gida a koguna, har aka wayi gari a kudancin Faransa da Sifaniya jinin kifin arewa ya shiga irin da ke can tun asali. A kogin Soča na ƙasar Sulobeniya akwai wani tirawut mai zane a jiki kamar dutsen ado. A 1906 aka fara zuba masa baƙo, suka yi ta auratayya, har sai da aka hau can ƙuryar duwatsu, bayan magangaran da baƙon bai iya hawa ba, kafin a samu 'yan tsirarun garke masu jinin asali. Maimakon su yi murna da wannan haɗin kai, sai suka hana zuba baƙon a 1996, suka koma lallaɓa na gida.

Amurkawa ma haka. A 2007 aka wallafa wani bincike a kan tirawut mai zuwa teku na kogin Hood a jihar Oregon, wanda ya nuna cewa kowane zubi ɗaya da zuri'a ta yi a gidan ƙyanƙyasa, ƙarfinta na barin 'ya'ya a kogi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ingila kuwa daga 2015 ta ce tirawut ɗin gona da za a saka a kogi sai wanda aka mayar bakarare, ko wanda aka samo daga iyayen wannan kogin. Ita tarwadarmu da ta je Tailan, an haɗa ta da ta can, daga baya aka tarar da jininta a cikin ta daji. Indiya ma haramta kiwonta ta yi. Duk ragwanci ne. Sun ga abu ya fara aiki sun ja da baya. Mu da muka shigo da kifin kaf daga Ostiriya zuwa gonar Panyam tun 1954, ba yau muka fara karɓar baƙi ba. Muna da dokar shigo da kifi mai rai ta 1962, muna da dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992, kuma dukansu suna nan lafiya lau, an adana su yadda amfani ba zai sa su tsufa ba.

Ba a rasa masu hassada. Kai wa tsohon masunci irin zamani ka ce, “Baba, ga ci gaba.” Zai juya ta a hannu, ya latsa cikin, ya miƙo maka abarka ya ce, “Yaro, wannan ba ta san ruwa ba.” Matan da ke banda za su ce kitse ne da ita, tana tsiyayewa a kan wuta, kuma mai saye da ya san miya ta kogi yake nema. Waɗannan mutane su ne ke iya jero maka bargi da kurungu da ragon ruwa da yauni da gaiwa da minjirya, kowanne da watansa da wurin kwanansa, kamar wani zai ci jarrabawa da shi.

'Yan boko masu ƙorafi sun fi su ban haushi. Su ba su ce a daina kiwo ba, sun yarda yana ciyar da gidaje yana ba matasa sana'a. Wai dai a yi shi da hankali. Wai mai ƙyanƙyasa ya riƙe littafin iyaye, ya yi amfani da maza da yawa, ya daina haɗa 'yan ciki ɗaya. Wai a ɗaga kududdufi daga hanyar ambaliya, a sa raga a bakin magudana. Wai haibirid da 'yar Holan su tsaya a tanki, idan kuma dole sai an zuba wa wani ruwa kifi, a samo iyayen daga ruwan nan, da yawa, a riƙa sauya su. Wai a ba cibiyar binciken kifi ta New Bussa da kwalejin kifi ta Baga da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa abin aiki su tantance irin da ke cikin Yobe, su adana shi. Har suna tuna mana cewa tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wai amana ce. Kuma wai gaba da kome a sakar wa fadama ruwanta a kan lokaci, kifi zai yi sauran aikin da kansa. Ka ji fa. A duk cikin wannan jerin, ina wurin yanka kintinkiri?

A bar su da surutunsu, mu dubi gaba. Ranar da aikin nan ya kammala, bikin kamun kifi na Bade a Gogaram zai huta da gardama. Masu gora da koma za su faɗa ruwa su fito, kowa da kilo ɗaya, launi ɗaya, uba ɗaya, alƙalai su raba kyauta daidai wa daida. Idan kuma wata cuta ta shigo, ko zafi ya yi wani tashin da ba a saba ba, kifin ba zai ja wa kowa dogon jinya ba. Da yake jininsu ɗaya, abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da duka, mako guda an share wuri. Daga nan sai a kafa kwamiti, a fitar da kuɗi, a sayo sababbin jarkoki, a sake kafa rumfa. Babban aibin tsohon kogin nan ke nan da aka daɗe ana rufa masa asiri: kyauta yake haihuwa, bai taɓa kawo wa kowa kwangila ba.